Tambayar Goggo Albarka

A shekarar da aka zaɓi Malam Abdulgani na Gwandu ya wakilci jama'a a Majalisar Kaduna, goggonsa Albarka ta hau jaki tun daga Kalgo ta zo masa Gwandu da ƙara. Shanun wani makiyayi, Bawa, sun cinye mata shinkafa.

"Malam, ka sa a ɗaure shi!" in ji ta.

Ya yi dariya. "Goggo, ɗauri aikin alƙali ne. Mu doka muke yi, kuma in muka tambayi minista, dole ya tashi ya amsa."

"Ashe surutu aka zaɓe ka ka yi. To, tambayo min shi, ina burtalin da shanu ke bi a da?"

Abdulgani ya riƙe maganar. Da majalisa ta zauna ya miƙe ya yi tambayar. Minista ya duba takardunsa, ya ce za a bincika.

Bayan girbi sai ga masu awon ƙasa da igiya da turaku a fadamar Kalgo. Goggo ta fito tana guɗa, tana shaida wa kowa ɗanta ne ya turo su. Da aka ja igiya, sai burtalin ya ratsa ta tsakiyar gonarta, don shekara tara ke nan tana noma hanyar shanun.

Ta yi tsaye ta riƙe haɓa. Can ta fashe da dariya, ta aika wa Abdulgani busasshen kifi da saƙo: in zai ƙara tambaya, ya fara zuwa ya ga gonar.