Layin Tsingaro a Tsakar Gidanmu

Shekarar da aka gama yaƙi yayana Andrew ya dawo Karu da akwatin ƙarfe, da rediyo, da Hausar bariki wadda ba ta bambanta mace da namiji. Ni lokacin ina koyarwa a makarantar mishan, ni kaɗai ce mace cikin malamai, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa cewa ina ji da hakan ba.

Tsakar gidanmu daɓe ne tun daga ƙofar ɗakin Baba har zaure. Mama Lydia ce ta yi shi kafin ta rasu, ita da matan unguwa, da tsakuwa da ruwan makuba, suna bugu da madaɓi suna waƙa. A lokacin idon Baba ya fara tafiya. Likitan mishan ya ce cizon ƙananan ƙudajen bakin rafi ne ya jawo, inda Baba ya yi shekaru yana noman doya. Saboda haka kafin daɓen ya bushe, Mama ta farfasa tsofaffin tukwanenta, ta jera tsingaron a tsaye, baki sama. Layi ɗaya ya tashi daga ɗakinsa zuwa zaure, wani ya karkata zuwa rumbu, wani zuwa makewayi. Da tafin ƙafa Baba yake karanta su. Baƙo zai ga Baba Yamusa ya fito da sauri, ba sanda ba ɗan jagora, sai sun gaisa zai gane mutumin ba ya gani. A zauren yake wuni, yana tufka igiyar rama yana tsokanar masu wucewa kasuwa.

Andrew zai auri Rosemary, wadda ta girma a Kaduna, kuma ya rantse ba za ta taka ƙasa a gidan ubansa ba. Wata Asabar ya shimfiɗa samfurin tayil na roba a kan tabarma, ja da kore da mai fari da baƙi. Tayil na ɗakuna ne, tsakar gida kuma siminti mai sulɓi.

"Alice, kai ne ɗan boko," ya ce mini. "Zaɓi mana kala."

"Ke ake ce wa mace, Yaya. Kuma ba na zaɓa."

Ya yi dariya, ya miƙa wa Baba. "To, oga na gida, kai ka zaɓa."

Baba ya shafa jan, ya shafa koren, ya juya su, ya sake shafawa. Ya ce, "Duk guda ne, Andrew. Ba su da fuska."

Na ce a yi ɗakuna yadda ake so, amma a bar tsakar gida. Andrew ya ce gidan soja ba zai zauna da fasassun tukwane kamar juji ba. Na ce gidan Yamusa ne. Muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Baba dai bai tsoma baki ba, don bai iya hana ɗansa abin da ya ɗauka girmamawa ce. A ƙarshe Andrew ya ɗaga hannu sama ya ce shi ke nan, za a bar layin zaure.

Da hutu aka tura ni kwas Keffi. Ranar da na dawo na tsaya a zaure da jakata a hannu. Tsakar gidan ya zama fari fat, shafe ɗaya daga bango zuwa bango, rana tana ƙyalli a kansa har ido na ciwo.

"Maude birkila ya ce faci zai ɓata aiki," in ji Andrew, bai kalle ni ba. "Amma duba abin da na sayo masa."

Sanda ce ta Turawa mai lanƙwasasshen kai. Tana jingine a ƙofar ɗakin Baba, inda Baba ya bar ta. Ya ce sanda ta mai yawon bara ce a ƙofar wasu, shi a gidansa yake.

Ya gwada fita, an gaya mini. Ya nufi zaure ya tsinci kansa a jikin rumbu. Ya sake gwadawa ranar da aka zubar da ruwan wanki, santsi ya kwashe shi, ya faɗi a kan ƙugu. Daga nan ya zauna. Andrew ya zo zai goya shi zuwa zaure, Baba ya ce, "Sauke ni, ni ba buhun dawa ba ne." Igiyar ramar ta zauna a rataye, masu zuwa kasuwa suka daina kiran sunansa.

Ban yi kuka ba. Na ari guduma wurin maƙeri, na sayi manyan ƙusoshi, na bi gidajen matan da suka yi daɓe da Mama ina roƙon fasassun tukwane. Kullum idan aka tashi daga makaranta sai in durƙusa da rigar malanta a jikina, in fara saran siminti daga ƙofar ɗakin Baba.

Andrew ya fito kamar zai tashi sama. "Alice, ka haukace ne? Biki saura kaɗan!"

"To ka kama ni, Kofur. Ka kai ni gadurun, kurkukunku na soja."

Ya ƙwace gudumar. Washegari na aro wata. Ya kai ƙarata wurin fasto, fasto ya kira ni ya yi mini wa'azin biyayya ga na gaba, na saurara har ya gama, na ce na gode, na koma na ci gaba da sara. A bakin rijiya ana cewa boko ya taɓa kan 'yar Yamusa, ga shi an yi mata gidan Turawa tana haƙa kamar gafiya. Wani malami da ke zuwa zance wurina ya daina zuwa. Ban aika a tambaye shi dalili ba.

Siminti ba daɓe ba ne. Ƙusa tana lanƙwashewa, ɓarɓashin dutse yana shiga ido, kuma abin da zan sara a yamma guda bai fi tsawon tafin hannu biyu ba. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, har alli ya gagare ni riƙewa da kyau, yara suna dariyar rubutuna a allo. Aka yi biki da rami a tsakar gida, Andrew ya rufe shi da tabarmi. Baba yana cikin ɗaki yana jin ƙarar gudumar, wani lokaci ya ce, "Malama, kin karkata hagu." In duba, in ga haka ne.

Bayan biki Rosemary ta fito wata rana da tulun da aka ba ta gudummawa, sabo. Ta ce, "Anti, ya tsage a hanya." Na duba ban ga tsaga ba. Ta ɗaga shi ta saki a gabana, sannan ta durƙusa tana miƙo mini gutsattsarin. Andrew yana kallo daga ƙofa. Da safe na tarar da rabin buhun siminti a bakin ramin.

Sai da rani ya kusa ƙarewa layin ya kai zaure. Na bar shi ya bushe, sannan na shiga na ce, "Baba, hanya ta buɗe."

Ya daɗe kafin ya miƙe. Ƙafafunsa sun rame, sun zama kamar karan dawa. Ya dafa bakin ƙofa, ya zura ƙafar dama, yatsunsa suka laluba har suka sami tsingaro na farko. Na ga fuskarsa ta sake.

"Ba hannun Lydia ba ne," ya ce. "Ita ta fi matsa su kusa."

"Na sani, Baba."

"Kada ki riƙe ni."

Ban riƙe shi ba. Ya saki ƙofar ya taho, kansa a sama yadda ya saba. Andrew ya cire hularsa, ban san dalili ba. Baba ya wuce inda rumbu yake, ya kai wajen tsakiya, sai gwiwoyinsa suka fara rawa. Ya tsaya, ya ja numfashi, ya sake gwadawa, sannan a hankali ya zauna a kan simintin.

"Na ga hanyar, Malama," ya ce. "Ƙafar ce ta daɗe a zaune."

Na ɗauko masa igiyarsa daga zaure, ya yi tufka a nan tsakar rana, inda ba mai wucewa da zai tsokana. Ya sake fitowa bayan haka, amma bai taɓa wuce wurin ba. Da damina ta yi nisa muka binne shi kusa da Mama.

Har yau akwai masu cewa na ɓata siminti a banza, kuma ba na ba su amsa. Da za a sake, zan sake sara. Abin da ke ci mini rai kawai shi ne taurin simintin nan, da yadda yamma take saurin ƙarewa.

Rabin layin da ke kusa da ɗakinsa ya ɗan goge. Ɗaya rabin, wanda ya nufi zaure, bakinsa yana nan da kaifi. Idan zan tafi makaranta nakan riƙe takalmina a hannu, sai na kai zaure nake sakawa.