Layin Sunan Uba

"Ba zan rubuta ba, Baba."

Radiyya ta ajiye biro a kan tabarma. Fom ɗin takardar shaidar asali ne a gabanta, ta cike komai sai layin sunan uba. Mahaifinta, Malam Nuru, ko takalmin robar aiki bai cire ba. Daga kamfanin jima na Challawa ya wuto gida, warin fata na biye da shi.

Jami'a ta ba ta gurbin karatun harhaɗa magunguna, da sharaɗin ta kai takardar nan ranar Juma'a. A allon ofishin rajista an rubuta cewa jami'a ta kowa ce: ga kason 'yan jiha, ga na jihohin da aka bari a baya, ga na masu buƙata ta musamman, har da na baƙi 'yan ƙasashen waje. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ta ga nata ba. A Panshekara aka yanke mata cibiya, amma takardar asali uba take bi, shi kuwa daga Damagaram ya zo shekara talatin da suka wuce. Da ta nemi kason baƙi sai aka ce ta kawo fasfon Nijar, ƙasar da ko sau ɗaya ba ta taɓa takawa ba.

Shi ne maƙwabcinsu Malam Abdulbaqi ya ce ta sa sunansa. 'Ya'yansa tara, in sun zama goma wa zai lura? Malam Nuru ya yi ta godiya har da durƙusawa.

Yanzu ya lallashe ta, ya yi faɗa, ya ce umarni yake ba ta. Ya ce shi bai ga abin da sunan nan nasa ya taɓa tsinana masa ba.

Ta dubi hannuwansa da sinadarin jima ya cinye.

"Ranar da za a ba ni shaidar kammalawa kuna zaune, 'yar wa za a kira?"

Ya tashi ya shige ɗaki.

Ranar Juma'a ta kai takardar haihuwa da ta firamare. Ta zauna a benci har aka sauko daga masallaci. Ma'aikacin bai wulaƙanta ta ba, ya ma juyo mata da kwamfutar ta gani da idonta: babu gurbin irinta. Ran Litinin aka sa sunan wata a madadinta.

Yau wata bakwai tana liƙe ledar omo a wani kamfani a Sharada. Aina'u, wadda ita ta riƙa koya wa lissafi a sakandare, takan wuce ta a bakin titi da farar rigar ɗalibai a kafaɗa. Radiyya ba ta sunkuyar da kai. A katin aikinta an buga Radiyya Nuru.

Gurbin ya tafi. Mai sunan kuma, Malam Nuru, tun daga ranar, in ta gaishe shi "lafiya" kawai yake cewa, ba ya ɗago ido.