Tulun Jan Ƙarfe da Murjanin Yalini

Da wani ya ja Kadiresan gefe a safiyar Litinin ɗin nan ya ce masa kada ya sauko da tulun mahaifiyarsa daga kan kanta, da gidan ya ƙare mako lafiya. To, babu wanda ya faɗa masa, shi kuwa mutum ne da in zai yi ɓarna, da kyakkyawar niyya yake yin ta.

'Yarsa Yalini ce wurin aikinta suka tura birnin Pune kwas na kwana goma, ta bar masa amanar akwatin gilashin da ke falo. Shekara uku tana renon abin da ke ciki: murjanin teku mai rai kala-kala, da kifi biyu masu launin ruwan lemo, da dodon koɗi shida masu lasar gilashi. Akwai wani koren murjani mai dogon gashi da ta samo bai fi farce ba, yanzu ya cika tafin hannu. Minista take kiransa, wai ba ya aikin komai sai ɗaga wa jama'a hannu.

Ruwan famfon garinsu Chennai ba ya shiga akwatin nan. Da hannunta ta haɗa matatar ruwa a baranda: gwangwanaye huɗu a jere, tiyo ɗaya na zubar da ruwan dauɗa, ɗaya na ɗigo da tatacce, sai ɗan ma'auni mai nuna lambar dattin ruwa.

"Appa, saurara," ta ce masa ranar Asabar, jaka a kafaɗa. Appa take kiransa, wato Baba a yarensu. "Kullum ruwan yana raguwa kaɗan. Ka cika zuwa layin nan da na manna. Ruwan matatar nan kawai, kuma sai ma'auni ya nuna sifiri. Ka tara a shuɗin bokitin nan."

"Shekara ashirin da biyu ina kwandastan bas, ban taɓa manta fasinja ba. Bokiti ne zai gagare ni?"

"Ka taɓa manta ni a gidan biki."

"Sau ɗaya ne!"

Tana fita hankalinsa ya tashi. Daga tasha yake bugo wa matarsa Sarasu waya yana tambaya ko kifi sun ci abinci. Ran Litinin ya leƙa bokitin, ya ɗan kurɓa. Ruwan ɗumi, ba daɗi, ga warin roba, don jiya zafin watan Mayu ya wuni a kansa. Ransa ya ɓaci. A gidansu ruwan sha a jan ƙarfe yake kwana, kuma da shi mahaifiyarsa ta kai shekara casa'in da ɗaya da haƙoranta. Yaya za a ce abin da 'yarsa ta fi so a duniya yana shan ruwan roba, a hannunsa?

Ya sauko da tulun, ya zauna yana dirje shi da tsamiya da gishiri har ya ga fuskarsa a jiki.

"Baban Yalini, yarinyar nan fa bokiti ta ce," in ji Sarasu daga kicin.

"Ta ce bokiti don ba ta san daraja ba. Yaran yanzu komai roba."

"Oho. Shekara ashirin da shida ko cokali ba ka taɓa wanke mini ba, yau ga ka kana gumi saboda ciyawar ruwa."

Ta ɗauke bokitin ta kai wa tiyon ruwan dauɗa, dama tana neman abin tara ruwan goge ƙasa. Shi kuma ya sa tiyon tatacce a bakin tulu, ruwa ya kwana, da safe ya zuba har layi.

Laraba Minista ya janye rabin gashinsa. Kadiresan ya ce kewar Yalini yake yi, ya ƙara masa kofi ɗaya na ruwan tulu don ya warware. Alhamis da safe dodon koɗin duk sun faɗo daga gilashi sun kwanta rigingine. Ya ruga baranda. Ma'auni na nuna sifiri. Ya ƙwanƙwasa shi, sifiri dai.

Da la'asar Yalini ta kira ta bidiyo. Don kada ta ga akwatin, sai ya fita baranda ya tsaya yana murmushi.

"Kowa lafiya, 'yata. Minista na gaishe ki."

"Appa, mene ne wancan a bayanka, da tiyona a bakinsa?"

"Tulun kakarki mana. Na ga robar nan..."

"Tun yaushe?"

"Litinin."

Ta rufe ido. "Jan ƙarfe dafi ne gare su, Appa. Ko ɗan ƙiris. Kuma ruwan da aka tace tas ya fi kowane ruwa cin ƙarfe."

"Amma kakarki da shi ta..."

"Kaka ba murjani ba ce!"

Daga nan ba ta ƙara ɗaga murya ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ta ce ya je unguwar Kolathur, shagon wani Nizam, ya karɓo jarka uku na ruwan gishiri haɗaɗɗe da wata farar auduga mai zuƙe jan ƙarfe. Ya fita da silifas ɗin banɗaki.

Nizam ya saurari labarin yana danne dariya. "Kawu, kai ne na uku bana. Wata ma kurkum ta barbaɗa wa kifinta, wai ta ga yana da mura."

"Zai rayu?"

"Kifin? Ya zama rawaya dai."

"Murjanin nake tambaya!"

Nizam ya daina dariya. Ya ce wannan sai an gani.

Kafin magariba sun canza rabin ruwan, Sarasu riƙe da waya, Yalini na ba da umarni daga Pune, Kadiresan na jan tiyo da baki har ya haɗiyi ruwan gishiri sau biyu. Da suka gama ya karɓi wayar.

"Kina fushi da ni?"

Sai ta ce: "Ka ci abinci, Appa?"

"A'a."

"Mama, ki ba shi abinci," ta ce wa Sarasu.

Juma'a audugar ta fara yin shuɗi-shuɗi, alamar tana jan dafin. Dodon koɗi huɗu sun koma jikin gilashi, biyu sun mutu. Kifin ko a jikinsu. Minista kuwa ya dunƙule kamar hannun jariri, ko gashi ɗaya bai fitar ba. Yalini ta ce wani yakan buɗe bayan mako, wani ba ya buɗewa, kuma ta yiwu duwatsun ciki ma sun sha ƙarfen. Kadiresan ya ɗauki hutu, ya jawo kujera gaban gilashi ya zauna.

Jirgin ƙasanta zai iso ran Talata. Ko Minista zai buɗe kafin nan, ko ma zai sake buɗewa, babu wanda ya sani.