Reshen da Na Ɓoye wa Baba Thaddeus

"Ƙasa, Madam Tela, ƙasa. Daidai gwiwa na ce maka."

Baba Thaddeus ne ke ba da umarni daga kan kujerarsa ta roba, ni kuma ina durƙushe a gindin wardinsa, furen da shi yake kira ros, da almakashin lambu. Ni Zakiyya da nake keta leshin amare ido rufe, yau ga ni ina tsoron itace.

Shekara shida muna haya a gida ɗaya a Gwarinpa, ƙofata na kallon tasa. Mutumin ƙauyen Yangoji ne, ya tsufa yana kula da lambun gidajen manya, kuma a Hausarsa mace da namiji duk "kai" ne. Wardin nasa ba irin na bakin titi ba ne, masu ja kamar janbaki, babu ƙamshi, wata biyu su mutu. Tsohon iri ne, ƙaya jingim, furensa ruwan hoda ninki kan ninki. Reshe ɗaya ya yanko a farfajiyar wani tsohon coci shekara arba'in da suka wuce, duk gidan da ya koma da shi yake komawa. Toka, kashin shanu da ɓawon ayaba, abincinsa ke nan. Famfo ya yi sati bai kawo ruwa ba, ko a jikinsa.

A watan Maris ɗin nan aka sallamo Baba daga asibiti, ido ya dushe, ƙafafu sun kumbura. 'Yarsa Divine ta ja ni gefe ta ce likita ya ce da wuya ya ga ƙarshen wata. Shi kuwa wardi, in aka yi masa aski kafin ruwan farko, sai ya yi sati shida bai ba da fure ba. Ni na san wannan, shi ma ya sani.

"Baba, a bar shi bana mana," na ce. "Ga shi har ya fara ƙunsa fure."

"In ka bar shi, zai yi tsawo babu ƙarfi, iska ya zo ya kwantar da shi. Ni ba na yi wa ros wayo. Yanka a karkace, sama da ido, idon da yake kallon waje."

Ido shi ne ɗan ƙullin da sabon reshe ke fitowa. Na yi ta yanka ina jin haushinsa. Amma tela tela ne, ba ma datse yadi sai mun bar rara a ciki, wato alawas, saboda gobe. Akwai reshe guda da ya zagaya bayan tankin ruwa, da ƙunshin fure ɗaya a kansa. Na datse iska da almakashin don ya ji ƙara, na bar reshen.

"Ka gama?"

"Na gama, Baba." Allah Ya yafe mini.

Daga nan zafi ya kwanta a tsakar gidan, kwanaki suka riƙa narkewa cikin juna. Na fito da keken ɗinkina baranda. Ina takawa, yana magana ido a lumshe. Ya ce inda shagunan bayan katangarmu suke yana ganin kunyoyin doyan ƙauyensu har gindin dutse, ga mahaifiyarsa nan tafe da kayan itace a kafaɗa, ga hayaƙi na tashi daga bukka. Wani lokaci ban san ko da ni yake ba ko da su. Nakan tsinci kaina na daina taka keke, ina kallon katanga kamar ni ma zan hango matar.

Kullum da safe nakan leƙa bayan tanki. Ƙunshin na kumbura, amma kututturan da na aske shiru, ko ido ɗaya bai buɗe ba. Tsoro ya kama ni, kada tausayina ya kashe masa abin shekara arba'in.

A rana ta tara da yin askin, bayan la'asar, iska ta juyo. Baba ya ɗaga hanci.

"Madam Tela."

"Na'am, Baba."

"Ka bar mani alawas, ko?"

Na sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da hannu a tukunya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni da Divine muka ɗaga shi da kujerar har bayan tanki. Ya lallubo furen da hannu biyu, ya cusa fuskarsa a ciki. Ya daɗe haka, har na zaci barci ya ɗauke shi.

"Ya isa," ya ce. "Oya, yanka. Shi kaɗai yana shanye abincin 'yan'uwansa."

"Baba, ko kwana biyu."

"Na ji shi ai, 'yata. Na gode. Yanka."

Na yanka, a karkace, sama da ido. Ya riƙe reshen a ƙirji, ƙaya ta soke shi a yatsa bai ma sani ba.

Ranar Laraba da hantsi ya rasu. Aka tafi da shi Yangoji. Na yi kukan da ban yi zato ba, don ban san wurin da tsohon nan ya ci a raina ba sai da kujerarsa ta zama kujera kawai. Divine ta kwashe kayan ɗakin. Mai gidan hayar ya zo ya taɓa kututturan da ƙafa, ya ce a tumɓuke busassun itatuwan nan a share wurin. Na roƙe shi sati ɗaya.

A rana ta biyar aka yi ruwan farko. Washegari na fito shanya, na durƙusa ba tare da sa rai ba. A jikin kowane kututture ido ya fashe, jajayen ganye ƙanana a naɗe, duk suna kallon waje. Na juya da sauri, "Baba" na bakina. Tagarsa a buɗe take, babu labule.

Na koma na zauna a ƙasa, jiƙaƙƙen zanin da zan shanya yana kan cinyata. Ruwa na ɗiga daga bakin tanki a kan ƙaramin ganye ɗaya, yana sunkuyawa yana miƙewa.