A Bar Baba Ya Amsa

Su uku ne a gidan: Baba mai gyaran agogo, da Umma, da 'yarsu Auta. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Kwanciyar hankali ce ta ƙaurace musu tun da Baba ya fara jin muryoyin da shi kaɗai yake ji, yana amsa musu a tsakiyar titi. Likita ya kira ciwon da dogon suna, sikizofireniya, ya ɗora shi a kan magani, sannu a hankali muryoyin suka lafa.

A wancan lokacin ne Umma ta koyi riga Baba magana. Ko gaishe shi aka yi, ita ke amsawa, don kada ya faɗi abin da za a yi masa dariya. Ciwo ya yi sauƙi, sabo ya zauna.

Yanzu gidan tsit. Umma takan ce, "Kin gani ko? Ko tari ba ya yi. Mun gode Allah."

Auta kuwa ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗauki littafi ta ajiye, ta leƙa ɗakin Baba ta dawo, ta sake leƙawa. An gaya musu ciwon kan bar fuska ba yabo ba fallasa, don haka ba fuskar ce ta dame ta ba. Ta ga ya kira masu agogo ya mayar wa kowa nasa, bai gyara ba. Ta ga ya kwashe ƙananan sukudirebobinsa ya ba maƙwabci. Ranar da za su je asibiti kuma ya ɗaura mata agogon hannunsa, ya ce, "Riƙe, uwata. Ni ba ni da sauran lokacin da zan duba."

A bencin jira ta yi ta juya agogon yana zamewa zuwa gwiwar hannunta, har Umma ta ce, "Ke wai ƙaiƙayi kika zauna a kai?"

Nas ɗin da ta karɓe su dattijuwa ce mai fara'a. Ta ce yau ba zancen muryoyi za a yi ba, wasu tambayoyi ne na auna nauyin zuciya, domin shirun ciwon daban, shirun baƙin ciki daban, kuma ido ba ya raba su.

"Baba, a 'yan kwanakin nan yaya kake jin ranka?"

"Lafiya lau yake," in ji Umma.

"Idan ka tuna gobe, me kake gani?"

"Alheri, in sha Allahu."

Nas ta yi murmushi. "Hajiya, ashe ke ce mara lafiyar? Da kin faɗa na auna ki tun ɗazu."

Umma ta yi dariyar yaƙe. "Ai shi ba mai magana ba ne. Abin da zai ce na sani."

 Ba a koya wa Auta tsoma baki a maganar manya ba, amma tana ganin za su tashi su tafi da "lafiya lau" a bakinsu.

"Umma, ki bar shi ya faɗa da kansa. Ya rabar da kayan aikinsa. Ya ce ba shi da sauran lokaci."

"Ke! Wa ya kasa da ke?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya," in ji nas a hankali. Ta jawo kujerarta kusa da Baba, ta maimaita tambayar, ta jira amsa. Fanka na juyawa. Umma ta buɗe baki, Auta ta kama gefen mayafinta, sai Umma ta rufe bakin.

Da ƙyar Baba ya ce, "Ba na ganin komai. Na zame musu kaya. Da ba ni, da sun huta."

Fuskarsa ko gezau. Umma ce ta dafe ƙirji.

Nas ta roƙi Umma da Auta su jira a waje, akwai tambayar da sai ita da Baba su biyu. Auta ta yi ta kai-kawo a baranda, Umma na zaune tana cewa, "Rufa masa asiri nake yi, wallahi rufa masa asiri nake yi."

Da aka kira su, likita ya shigo. Ya ce baƙin cikin ya yi zurfi, har Baba ya fara tunanin raba kansa da duniya, amma ciwon yana da magani. Za a riƙe shi a asibiti na ɗan lokaci, kuma gara da aka sani yau.

Auta ta kwance agogon ta ɗaura wa Baba. Bai cire ba.

A hanyar gida, tana riƙe da hannun Umma, Auta ta gane cewa shirun Baba ba lafiya ba ne, kuma ba a sanin abin da ke ran mutum sai an tambaye shi da kansa, an jira ya amsa.