Kwanso a Wuyan Hollis

Wendell Kruger da hannunsa ya haɗa wa matarsa Lorna bindigar, guntu-guntu, a garejin gidansu da ke bayan garin Lewistown, kuma duk baƙon da ya zo sai ya fito da bindigar ya nuna masa. Aibinta ɗaya ne. In an harba, kwanson harsashi ba ya sauka kusa, sai ya yi tsalle da ƙarfi ya nufi inda ya ga dama. Wendell ya ce ai haka sabuwar bindiga take.

Ran Asabar a filin harbi, Lorna ta ja kunama, kwanso mai zafi ya bugi ginshiƙin rumfa ya zurma cikin wuyan rigar mutumin da ke teburin kusa da ita. Hollis Tveit ne, mai kiwon shanu, wanda matarsa ta rasu bara. Ya ajiye bindigarsa ya miƙe yana tsalle yana kakkaɓe riga.

"Haba Lorna! In kashe ni za ki yi, ai sai ki bari in yi wasiyya!"

Lorna ta yi dariya har da hawaye. Rabon da Wendell ya ji irin wannan dariyar daga bakinta, shi kansa ya manta.

Hollis ya tsinci kwanson ya nuna mata. "Dubi yadda bakinsa ya lotse. Iska ce ta yi wa bindigar yawa. Hayaƙin da ke komawa baya yana tura ƙarfen ciki, shi ke cilla shi haka." Ya zaro ɗan makullin ɗaure noti daga aljihu, ya nuna mata wani ƙaramin noti a saman bututun. Ya ɗan ɗaure, ta harba. Ya ƙara, ta sake harbawa, kawunansu kusa da juna, har kwanson ya riƙa sauka wuri guda, ta hannun dama da ɗan baya, kamar an tara da tsintsiya.

"Kai! Ko kafaɗata ba ta buga kamar da ba!" in ji Lorna.

"Da ma ina da niyyar gyara shi," in ji Wendell. Ba wanda ya waiwayo.

Duk makon nan, abinci ma bai yi wa Wendell daɗi ba. Ana shan kofi, sai Lorna ta ce Hollis ya ce kaza. Ana wanke kwanuka, Hollis ya ce kaza. Da Lorna ta tafi gaida ƙanwarta, sai ya shiga gareji ya ƙara ɗaure notin nan sosai. Nufinsa bindigar ta ƙi aiki a gaban jama'a, shi kuma ya gyara ta kowa yana kallo.

Da Asabar ta zagayo suka koma filin, ana gasar harbi, haka kuwa aka yi. Harbin farko, kwanso ya maƙale a bakin mafita, rabi ciki rabi waje. Kafin Lorna ta ɗago kai, Wendell yana tsaye a kanta da makulli a hannu.

"Kin gani ko? Aikin makiyayi ke nan. Kawo in..."

Ta dubi makullin, ta dubi fuskarsa. "Yaya aka yi ka san makulli ake buƙata, tun ban ce komai ba?"

Ya yi ƙoƙarin mayar da makullin aljihu. Ta karɓe makullin, ta cire harsasan, ta sassauta notin da kanta, tana gwadawa kaɗan-kaɗan yadda ta ga an yi, har bindigar ta dawo daidai. Hollis kuwa ya duƙufa goge tabaransa kamar ba ya wurin.

A mota, suna hanyar gida, ta ce, "Ka yi kishinka, tsoho, ban hana ka ba. Har ɗan daɗi na ji. Amma kada ka sake taɓa bindigata."

"Ni fa na haɗa ta."

"Ka kuma ba ni."

Suka wuce gidan mai. Can ya ce, "Mutumin nan ko saiti bai iya ba."

"Shi ya zo na ɗaya a gasar yau," in ji Lorna.

Wendell ya miƙa hannu ya ƙara wa rediyo murya.