Igwar Buɗa-Baki

Tun la'asar nake zirga-zirga tsakanin kicin da falo kamar mai aurar da 'ya. Ranar farko ce ta azumi, kuma mijina Muradif ya rantse yau a tebur zai sha ruwa tare da mu.

Igwa ce matsalar. Da rana ta faɗi ake harba ta daga tsohuwar ganuwar kan tudu, garin duk ya amsa, fitilun hasumiya su kama. Muradif kuwa, tun da ya dawo daga fagen daga, kafin a harba ya riga ya sauka ɗakin ƙasa inda muke ajiye dankali da tulunan kabeji, ya rufe ƙofa ya toshe kunnuwa. Ni kuma da na ji ƙarar sai in ɗauki tire in bi shi. 'Ya'yanmu sun girma har sun yi aure ba su taɓa ganin ubansu ya kai dabino baki a tebur ba. Abin yana ci mini rai, wani lokaci har haushinsa nake ji, Allah ya yafe mini.

Yayarsa Shefika ta sha kai shi wurin wata tsohuwa mai cire tsoro. A lulluɓa masa jan ƙyalle, a narka dalma, a zuba cikin kwanon ruwa a bisa kansa, ta yi cuuu, tsohuwar ta duba ta ce tsoron ya fita. Kafin magariba iska ta buga ƙofa, mu tsinci bawan Allah a bayan kujera.

Ranar da tayar mota ta fashe a kasuwa ya kwanta rub da ciki a gaban masu barkono, na ce ya isa haka. Na tasa shi gaba sai asibiti. Likitar, wata Sabaheta, ba ta kai 'yarmu shekaru ba.

"Baba Muradif, ba ragwanta ba ce, ba kuma hauka ba ne," in ji ta. "Kanka ya san yaƙi ya ƙare, jikinka ne ba wanda ya gaya masa. Shi za mu koya wa."

Duk tsawon lokacin sanyin nan yana zuwa wurinta. Ya faɗa mata abin da ko ni bai taɓa faɗa wa ba, ya dawo gida idanu jajir. Ta koya masa sakin numfashi a hankali, da kiran sunayen abubuwan da ke gabansa don jikinsa ya gane inda yake. Ta kuma sa mini ƙarar igwar a waya, ta ce in riƙa kunna masa da saninsa, ƙasa-ƙasa tukuna, kullum in ɗan ƙara.

"Shi ke nan, tsohuwa ta samu aiki," in ji shi. "Dama tun aurenmu kike harbina, yanzu likita ta ba ki izini."

To yau ga ranar ta zo. Ya sa farar riga, shi da kansa ya bi layin burodi, ya dawo da shi da zafinsa yana ƙamshin habbatus sauda. Miyar kaza da kuɓewa tana kan wuta. Yaya Shefika ta iso da carbi, tana hararar wayata.

"Zineta, in yaron nan ya sheme, ke da likitarki ku kuka da kanku."

"Yaya, yaron naki furfura ta gama cin kansa."

"Ku yi mini shiru," in ji Muradif. "Ku buɗe tagar ma."

Aka buɗe. Ya zauna ya dafa tebur da hannu biyu. Ni dai na kasa zama. Na koma kicin ina juya miyar da ba ta buƙatar juyi, ina murna ina tsoro.

Daram!

Gilasan taga suka girgiza. Ban san lokacin da na zuba miya a kwano, na yago burodi, na ɗauki tire ba. Sai ganina na yi a bakin matakalar ɗakin ƙasa, ƙafata ɗaya har ta sauka.

"Cokali," na ji murya a bayana, tana rawa. "Gishiri. Labule. Hancin Yaya Shefika."

Na juya. Yana nan a kujerarsa. Gumi ya jiƙa farar rigar sharkaf, amma yana zaune, yana sakin numfashi a hankali. Yaya Shefika ta rufe fuska da ɗankwali tana kuka, ko maganar hancin nata ba ta rama ba.

Ya ɗauki dabino, ya yi bisimilla, ya kai baki. Sannan ya dube ni, ya dubi tiren da ke hannuna.

"Ina kuma za ki, tsohuwa?" ya ce. "Ba kowa a can. Kawo miyar nan kafin ta huce."